RA'AYI: A ina bindigar maigida ke kwana idan ya tafi Abuja?

Masu ba da tarihin Bauchi sun ce a farkon ƙarni na 19, lokacin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ke neman inda zai kafa birninsa, wani maharbi da ake kira Baushe ne ya nuna masa wurin, kuma daga sunan maharbin nan garin ya samo nasa. Garin da ya ci sunan maharbi ba zai ɗauki makami a matsayin baƙo ba. Ranar hawan sallah, 'yan bindiga ne ke cika ƙofar fada da ƙara da hayaƙin albarushi. Idan kaka ta wuce ciyawa ta bushe, 'yan farauta kan cika motoci da karnuka su nufi daji. Da dare kuma 'yan sintiri ke zagaya unguwanni da bindigogi ƙirar gida. Duk waɗannan bindigogi gida suke komawa idan an gama da su, kuma a gidajen akwai yara.

Muhawarar bindiga a Najeriya ta daɗe tana zagaye a wuri ɗaya, wato wa ya kamata ya riƙe, wa bai kamata ba. Ba kasafai ake tambayar inda bindigar ke kwana ba, da kuma wanda hannunsa ke iya kaiwa gare ta idan mai ita ya fita. Wannan tambaya ta shafi ma'aikacin tarayya fiye da yadda yake zato. Da yawa daga cikin 'yan Bauchi da ke aiki a ma'aikatu da Majalisar Dokoki ta Ƙasa suna zaune a Abuja su kaɗai, iyalinsu na can Fadaman Mada ko Jahun ko Gwallaga, sai ƙarshen mako ko ƙarshen wata ake ganin juna. Idan irin wannan magidanci yana da bindiga, to kwana biyar a cikin bakwai, ko ma fiye, ita da 'ya'yansa ne a gida ɗaya, shi kuwa yana nesa da tafiyar sa'o'i.

Wadda aka fi rainawa a cikin bindigogin gida ita ce bindigar iska, wadda jama'a ke kira bindigar harbin tsuntsu. Ana sayenta don kurciya da hasbiya, ko jemagen da ke ɓarna a bishiyar mangwaro, ko gafiyar da ta addabi kaji. Wani ma tsaraba ake kawo masa ita daga tafiya. Ba ta cin albarushi, ba ta hayaƙi, ƙararta ba ta tayar da maƙwabta, shi ya sa ake jingine ta a bayan ƙyaure kamar tsintsiya, ana kuma miƙa wa yaro ita ya gwada hannunsa. Matsattsiyar iska ce ke tura ɗan harsashinta na dalma, wanda faɗinsa milimita 4.5 ne ko 5.5, bai kai ƙwayar masara ba. Amma irin wadda aka fi sayarwa tana fitar da shi da gudun da ya haura mita 150 a cikin daƙiƙa ɗaya, wata ma ta haura 200.

A dokar Birtaniya, duk makami mai baki da ke harba abu da ƙarfin da ya haura jul ɗaya, wato ma'aunin da masana ke auna ƙarfin bugu da shi, ana lissafa shi cikin masu iya kisa. Bindigar iskar da aka yarda babban mutum ya saya a Ingila ba tare da lasisi ba tana kaiwa kusan jul 16. Idon mutum ba ya jure kaɗan daga cikin wannan ƙarfi, ƙashin gefen kan ƙaramin yaro kuwa siriri ne. A shekarar 2005 wani mutum ya harbi yaro ɗan shekara biyu da irin wannan bindiga a birnin Gilasgo, harsashin ya same shi a ka, ya mutu. Wannan mutuwa ce ta tayar da fafutukar da ta kai Sikotland ga dokar 2015, wadda ta wajabta lasisi a kan bindigar iska daga ƙarshen 2016.

Abin mamaki shi ne Najeriya ta riga su da fiye da rabin ƙarni. Dokar Bindigogi, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairu, 1959, zamanin da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin garin Bauchi, yake Firayim Minista, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne waɗanda mutum ke iya mallaka don kansa da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku kuma su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, irin su bindigar toka, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar iska tana cikin kashi na biyu, layi ɗaya da bindigar farauta mai baki biyu. Wanda ya ajiye ta ba lasisi, a rubutun dokar da ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, yana iya shan ɗaurin da zai kai shekara biyar. Ke nan abin da ake kallo kayan wasa a zaure, doka makami take kallonsa, kuma da wuya a ce duk masu ita sun san haka.

Dokar ta yi taka-tsantsan wajen zaɓen wanda za a bai wa lasisi. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali a cikin shekara biyar da suka gabata. Da ta zo kan ajiya kuwa, sai ta taƙaita da jimla ɗaya, cewa mai lasisi shi ke da alhakin adana bindigarsa lafiya. Ba ta ce a kulle ba. Ba ta ce a cire harsashi ba, ba ta ce a raba shi da bindigar ba, kuma ba ta ambaci yaro ba ko sau ɗaya a wannan wuri. Abin da ya biyo bayan jimlar shi ne umarnin cewa idan bindigar ta ɓace, ko an sace ta, ko ta lalace, a sanar da hukuma cikin kwana 14. A kan rashin sanarwar ne aka rataya hukunci, tarar naira 1,000 ko ɗaurin shekara biyu, ko duka biyun.

Daga nan ana iya gane abin da ya dami waɗanda suka rubuta dokar. Gwamnati ce da ke tsoron kada makami ya fita daga lissafinta ya faɗa hannun ɓarawo ko ɗan tawaye. Bindigar da ke cikin gidan mai ita, a wurinsu, tana inda ya kamata. Sai dai sakamakon ya zama wani irin abu mai wuyar fahimta. Doka ta hana ɗan shekara 16 lasisi saboda ba ta amince da hankalinsa ba, amma ba ta ce komai ba idan mahaifinsa ya bar ɗurarriyar bindiga a saman durowa, inda ƙanensa ɗan shekara takwas ke iya hawa kujera ya ɗauko. An tsare ƙofar ofishin lasisi, an bar ta turaka a buɗe.

Akwai kuma wani wuri da ya kamata masu rabon gado su sani. Dokar ta ce idan mai lasisi ya rasu, wanda kayan mamacin ke hannunsa yana da kwana 14 kacal da zai riƙe bindigar bisa halal. Duk wanda ya san yadda gidan rasuwa yake a ƙasar Hausa ya san waɗannan kwanaki su ne mafi haɗari. Gida ya cika da 'yan zaman makoki, yaran dangi na nesa da na kusa suna shiga kowane ɗaki, manya hankalinsu na wurin karɓar gaisuwa, mutum ɗaya tilo da ya san ko bindigar a ɗure take kuma yana kabari. Bayan sadakar bakwai ma ba a cika tunawa da ita ba. Sai ta zauna cikin kayan gado wata da watanni, ba ta da mai ita a hukumance, ba ta da mai kula da ita a gida.

Ingila ma ta yi zamani da irin wannan giɓi, kuma yadda ta toshe shi abin dubawa ne, domin ba ta yi da tsada ba. Tun watan Fabrairun 2011 ya zama laifi a Birtaniya mai bindigar iska ya kasa ɗaukar matakin da ya dace don hana wanda bai kai shekara 18 ba kaiwa gare ta, da tarar da ke kaiwa fam 1,000. Sai aka ga kalmar "matakin da ya dace" kowa da fassararsa. A 2016 wani yaro ɗan shekara 13 ya rasu a gundumar Suffolk, bayan bindigar iska ta tashi bisa kuskure yana tare da abokansa. Jami'in da ya binciki musabbabin mutuwar ya nemi gwamnati ta sake duba dokar. Daga ranar 31 ga Yuli, 2023, ƙa'idar Ingila da Wales ta fayyace abin da ake nufi: idan akwai yaro a gidan, a adana bindigar inda ba zai iya ɗauka ba, a kawar da ita daga ganinsa, a kuma ajiye harsashinta a wani wuri dabam. Ba a kafa sabuwar hukuma ba, ba a ware kasafi ba. An dai rubuta abin da a da aka bar wa hankalin mai bindiga.

Ba sai an tafi Turai ba ma. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yuni, 2006, ta kuma fara aiki a 2009, ta ce a sashenta na 14 kada a bai wa farar hula lasisi sai ya nuna shaidar ya samu horo kan kiyaye haɗari, da shaidar cewa zai ajiye makamin a amintaccen wuri, dabam da harsashinsa. Najeriya ta sa hannu a kan wannan. Alƙawarin yana nan a takarda kusan shekara ashirin, amma Dokar Bindigogi, wadda da ita ɗan sanda ke aiki kuma da ita alƙali ke hukunci, tana nan da jimlarta ɗaya ta 1959.

Wani zai ce bindigar iska ba ita ce ta fi yawa a Bauchi ba, kuma gaskiyarsa. Bindigar toka da sauran ƙirar maƙera sun fi ta yawa nesa ba kusa ba, kuma matsalar ajiyarsu ta fi muni. Bindigar da ake ɗurawa ta baki ba a sauke ta da sauƙi. Idan an zuba albarushi an danna harsashi, hanya mafi sauƙi ta fitar da su ita ce a harba. Mafaraucin da ya dawo bai samu nama ba ba ya son asarar ɗurinsa, sai ya rataye ta yadda take, ya ce gobe ma rana ce. Daga waje babu abin da ke nuna a ɗure take. Haka ita ma bindigar iska, harsashin da ke cikin bakinta ba a ganinsa. Yaron da ya auna ɗan'uwansa yana dariya ya yi imani babu komai a ciki, domin jiya da ya taɓa ta babu komai.

A watan Oktoban 2022 kafafen labarai na gida da na waje suka ɗauki labarin wasu 'ya'yan mafarauci biyu a yankin Kaiama na Jihar Kwara. Sun samo maganin bindiga, suka ɗauki bindigar mahaifinsu don su gwada, babban ya harbi ƙaramin, ɗan shekara 12, ya mutu. Aka yi ta magana kan camfi da bokaye, kuma maganar tana kan hanya. Amma maganin bindiga bai kashe kowa ba a ranar. Da yaran sun tarar da bindigar a kulle, da iyakar abin da zai faru su sha maganinsu su kwanta.

Idan irin wannan ta faru, doka kan tsinci kanta a tsaka mai wuya. Kundin Pinal Kod da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ya ce abin da yaron da bai kai shekara bakwai ba ya aikata ba laifi ba ne, haka wanda ke tsakanin bakwai da goma sha biyu idan hankalinsa bai kai ya gane sakamakon abin da ya yi ba. Wannan adalci ne. To amma idan ba a kama yaron ba, wa za a tambaya? Akwai laifin jawo mutuwa ta hanyar sakaci, sai dai ba ɗan sandan da ke son jan uban da ya binne ɗansa jiya zuwa kotu, kuma dangi ba za su bari ba. Sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, a yi addu'a a watse. Yaron da ya ja kunamar shi ke ɗaukar abin har ƙarshen rayuwarsa, alhali babban da ya jingine bindigar shi ya yanke shawarar da ta kai ga haka. Amfanin dokar ajiya shi ne tana magana tun kafin a kai ga jana'iza, lokacin da maganar ke da amfani.

Addini ma bai bar wannan a hannun ƙaddara ba. A cikin ingantattun hadisai akwai hanin nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, da umarnin wanda ya ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, wato kuskure bai zama hanyar kuɓuta daga alhaki ba. Malaman Bauchi sun fi kowa sanin waɗannan, abin da ya rage shi ne a ji su a huɗubar Juma'a an haɗa su da bindigar da ke bayan ƙyaure.

Hujja mafi nauyi da za a kawo a kan wannan ra'ayi ita ce ta tsaro, kuma bai kamata a raina ta ba. Mutanen yankunan Alƙaleri da Toro da Ningi sun ga hare-haren 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta fito fili ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu. Mutumin da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe zai ce bindigar da ke cikin akwati a kulle ba ta da maraba da sanda. Amsar ita ce babu wanda ya ce ya kulle ta lokacin da yake kwance kusa da ita. Maganar ta lokacin da ba ta hannunsa ce, yana gona, yana kasuwa, yana masallaci, ko yana ofis a Abuja. A waɗannan sa'o'i bindigar ba ta kare kowa. Idan ɓarayi suka shigo ma, kyauta suka samu. Ita kuwa bindigar iska wannan hujja ba ta shafe ta ko kaɗan, domin ba wanda ke tarar mai AK-47 da abin harbin kurciya. Ba ta da wani uzurin kwana a fili.

Sai hujjar talauci, cewa akwatin ƙarfe na adana bindiga kayan masu hali ne. Wanda ya iya sayen bindiga ya iya sayen kwaɗo. Maƙeran da ke ƙera ƙofofi da akwatunan ƙarfe a garin Bauchi ba za su kasa ƙera doguwar akwati mai marfi ba, kuma sarƙa da kwaɗo da ƙarfen da aka kafe a bango sun isa su hana yaro ɗaukar bindiga. Harsashin bindigar iska a ɗan gwangwani yake zuwa, wanda aljihu ke ɗauka. Wurin da aka fi yin kuskure shi ne makulli. Yaran gida sun san inda kowane makulli yake, sun san na ƙarƙashin darduma da na saman ƙofa, sun fi maigida sanin lungunan ɗakinsa. Saman durowa kuwa ba ɓuya ba ne, gayyata ce. Kuma gidan Bahaushe ba na 'ya'yan cikinsa kaɗai ba ne. Akwai 'ya'yan riƙo, da na maƙwabta da ke shigowa ba sallama, da almajirin da ke share tsakar gida. Uban da ya ce ya hori 'ya'yansa ba sa taɓa kayansa, bai hori na maƙwabcinsa ba.

Hujja ta uku ta fi sauran wuya. Mafi yawan bindigogin da ke gidajen jama'a ba su cikin rajistar kowa, to ƙa'idar da aka rataya a jikin lasisi ta yaya za ta same su? A watan Agustan 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, matakin da bai hana wanda ya tsorata neman bindiga ba, sai dai ya hana hukuma sanin yana da ita. Shi ya sa laifin barin bindiga inda yaro zai kai gare ta ya kamata ya hau kan duk wanda bindigar ke hannunsa, da lasisi ko babu, kamar yadda na Ingila ya hau kan mai bindigar iskar da ba ta buƙatar lasisi tun farko. Wani zai ce wanda bai ji tsoron ɗaurin shekara biyar ba, ba zai ji tsoron tara ba. Amma waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ne a zuciyar mutane. Dokar da ta ce ya miƙa bindigarsa, yana ganin ta raba shi da kariyarsa ne, sai ya ɓoye. Wadda ta ce ya kulle ta saboda ɗansa, matarsa ma za ta taya hukuma tuna masa.

A nan ne Bauchi ke da abin da Ingila ba ta da shi. Mafarauta suna da shugabanninsu, Sarkin Baka yana da faɗa a ji a cikinsu, ƙungiyoyin sintiri suna da kwamandoji da rajistar mambobi, 'yan bindigar fada kuma suna ƙarƙashin masarauta. Idan fadar Sarkin Bauchi, Alhaji Rilwanu Sulaiman Adamu, ta ce duk wanda ya yi hawa da bindiga ya sauke ta kafin ya shiga gida, ko shugabannin mafarauta suka mayar da akwati da kwaɗo sharaɗin zama ɗan ƙungiya, maganar za ta isa lungunan da takardar gwamnati ba ta taɓa shiga ba. Ƙungiyoyin sintiri ma suna iya ajiye makamansu a wuri ɗaya da rana, a hannun mutum ɗaya da aka sani, maimakon kowa ya tafi da tasa ɗakin da yara ke kwana.

Dole kuma a yi hattara da yadda za a rubuta ƙa'idar. Idan aka bai wa 'yan sanda ikon shiga gidaje duba yadda aka ajiye bindiga duk lokacin da suka ga dama, an buɗe wata sabuwar ƙofar tatsar jama'a, kuma a garin da ba a shiga gidan matan aure kai-tsaye, abin zai jawo rigimar da ta fi wadda ake son magancewa. Ya isa a duba wurin ajiya lokacin bayar da lasisi da lokacin sabunta shi, a buga sharuɗɗan a jikin takardar da Hausa da Turanci, sannan a tuhumi mai bindiga idan aka ga yaro da ita a titi ko aka kai wani asibiti da rauninta. Shekarun ma a daidaita su. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce yaro shi ne wanda bai kai 18 ba, Dokar Bindigogi kuwa ta tsaya a 17.

Majalisar Dokokin Jihar Bauchi ba ta da ikon gyara wannan ko da ta so. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa makamai da harsasai da abubuwan fashewa cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Aikin yana kan teburan Abuja, a Majalisar Dokoki ta Ƙasa, da Ma'aikatar Shari'a, da hedikwatar 'yan sanda, da Cibiyar Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai da aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Bai wa Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa dokarta hannu a 2024. An taɓa Dokar Bindigogi a zauren majalisa a baya. A 2021 Majalisar Dattawa ta yi muhawara kan ƙudurin Sanata Uba Sani, gwamnan Kaduna na yanzu, wanda ya nemi a tsananta hukuncin mallakar makami ba bisa ƙa'ida ba. Hankalin kowa a lokacin yana kan 'yan ta'adda, kuma da dalili. Sai dai duk sa'ad da aka sake buɗe dokar, sakin layi ɗaya kan ajiya ba zai rage wa wancan yaƙi komai ba. Dokar ma ta bayar da ikon yin ƙa'idoji a ƙarƙashinta, don haka sharuɗɗan lasisi ba sai sun jira zaman majalisa ba. Hukuncin ne kaɗai ke buƙatar 'yan majalisa.

Irin wannan sakin layi ba minista ke rubuta shi ba, ba kuma sanata ba. Hadimi ne ke tsara daftarin, ko mataimakin darakta a sashen shari'a, ko magatakardan kwamiti, irin mutanen da ke tashi daga Abuja ranar Juma'a su bi ta Jos su isa Bauchi da dare. Wasunsu ma tare da ɗan sanda mai rakiya suke zuwa, wanda kan jingine bindigarsa a zaure ya tafi alwala, yaran gida na kewaye da ita suna leƙen bakinta. Wannan bindiga ta gwamnati ce, tana da lamba, tana cikin rajista, kuma mai gidan da aka jingine ta a zaurensa yana da ikon cewa a ɗauke ta daga nan tun kafin a sauke kaya daga mota.